Yadda ake zuwa Akra a ga teku a dawo gida lafiya

Ranar da na fara tsayawa a bakin teku a Akra, babban birnin Gana, na daɗe ban ce uffan ba. Wanda ya tashi a ƙasar da babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Tiga, in ya ga ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, dole jikinsa ya yi sanyi. Tun daga nan na yi ta komawa, wani zubin don sayayya, wani zubin don zumunci da mutanenmu na unguwar Nima, kuma na raka mutane da dama waɗanda shi ne fitarsu ta farko. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne, kurakuransu ma haka, shi ya sa na ga gara in rubuta abin a wuri guda.

Hanyar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Fataken goro sun yi ta bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga tun kafin zuwan Turawa, wasu kuma sojoji ne da Ingilishi suka kai yaƙin Ashanti a 1873 da 1874, suka zauna suka yi iyali. Tsofaffinmu Ankara suke kiran garin. Saboda haka za ka tarar da Hausa a can, kuma nan ne tarkon yake: jin Hausa a Zango, wato unguwannin Musulmi baƙi da ke garin, yakan sa baƙo ya manta cewa a ƙasar wasu yake, mai dokokinta da yanayinta. Ka sauka a Zango, amma ka riƙa tuna cewa kai baƙo ne.

Abubuwan da za ka tanada

Fasfo. Ɗan Nijeriya mai fasfon ECOWAS ba ya bukatar biza, yana iya zama har kwana 90. Duba cewa saura aƙalla wata 6 kafin wa'adin fasfon ya cika. In ba ka da fasfo, hukumar shige da fice tana ba da takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, wadda ta fi araha kuma ta isa wannan tafiya. Mutanen Nijar kuwa, tun da ƙasar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, ya kamata su leƙa ofishin jakadancin Gana a Yamai su ji abin da ake bukata kafin su yanki tikiti.

Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin rawaya. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Ka je ofishin lafiya na tashar jirgi ko na kan iyaka a yi maka allurar da gaske. Akwai masu sayar da katin a bayan fage ba tare da allura ba. Kada ka saya. Ko da ya wuce da kai a kan iyaka, sauron bai san kati ba.

Tufafi marasa nauyi na auduga, kamar kala 4 ko 5. Babbar riga ta shadda guda ɗaya ta isa, don Juma'a ko ɗaurin aure. Mata su zaɓi atamfa da mayafi mara kauri, su bar leshi mai duwatsu a gida. Kada ka saka riga ko wando ko hula mai zanen kakin soja a jakarka, domin doka ta hana farar hula sanya su a Gana.

Sai takalmin roba na bakin ruwa da wani rufaffe na yawo, lema, ƙaramar butar roba, sallaya, gidan sauro da man shafawa mai korar sauro, ƙullin gishiri da sukari na gudawa, da duk maganin da kake sha kullum a cikin kwalinsa na asali. Soket ɗin Gana irin na Nijeriya ne mai baki 3, don haka cajarka za ta shiga. Wanda ya fito daga Nijar ko Kamaru sai ya nemi ɗan mahaɗin da ake ɗorawa.

Kuɗi kashi 3: naira ta hanya, ɗan sefa na Binin da Togo, sai abin da za ka canja zuwa sidi. Ka yi kwafin fasfo da katin allura, ka ajiye a wata jaka daban, ka kuma ɗauki hotonsu a waya.

Tsaraba ma tana cikin kayan tafiya. Hular Kano, turare, dabino, yaji mai kyau: waɗannan suna buɗe ƙofa a Zango fiye da yadda kake tsammani.

1. Zaɓi lokacin tafiya

Akra tana da damina 2. Babbar tana farawa wajen Afrilu ta kai tsakiyar Yuli, ta fi ƙarfi a watan Yuni. Ƙaramar tana zuwa daga Satumba zuwa Nuwamba. In yawon buɗe ido ne ya kai ka, kauce wa Yuni. Garin yana da kwari da yawa, magudanan ruwa sukan cika, musamman wajen shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle. A nan ne ambaliya da gobarar gidan mai suka haɗu a daren 3 ga Yunin 2015, mutum fiye da 150 suka rasu, da yawansu sun fake ne daga ruwan sama. Mutanen garin ba su manta ba, kai ma in hadari ya haɗo kana wannan yanki, nemi tudu.

Ni na fi son Agusta. Shi ne wata mafi sanyi a can, ruwan sama ya lafa, rana ba ta duka, kuma lokacin ne ƙabilar Ga, masu garin na asali, suke bikin Homowo. Daga Nuwamba zuwa Janairu ma lokaci ne mai kyau, hunturu yana ɗan leƙowa har bakin teku, sai dai a Disamba garin yana cika da baƙi daga Amurka da Turai, kuɗin ɗaki da na jirgi su yi sama. Fabrairu zuwa Afrilu zafi ne sosai.

Game da zafin nan, bari in tsaya kaɗan. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri zai ji an ce zafin Akra bai cika wuce digiri 32 ba, ya ce ai wannan wasa ne. Ba wasa ba ne. Zafinmu busasshe ne, zufa tana fita iska ta shanye ta. Nasu jiƙaƙƙe ne: iskar tana ɗauke da laimar teku, zufa ta fito ta zauna a jiki, riga ta manne, wankin da ka shanya da safe har dare bai bushe ba. Shi ke kawo ƙurajen zafi da kasala. Maganinsa wanka sau 2 ko 3 a yini, sutura mai sakin jiki, da shan ruwa tun kafin ƙishi ya zo.

2. Samu mai masauki tun kana gida

Kada ka dira garin da dare ba ka san inda za ka kwana ba. In kana da ɗan uwa ko ɗan gari a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama ko Madina, sanar da shi da wuri. Amma ka sani ɗakuna a Zango ƙanana ne, gida ɗaya iyalai da yawa, don haka kyautatawa ita ce ka ce ya nema maka ɗakin haya na baƙi kusa da shi, maimakon ka ɗora masa nauyin kwana.

In ba ka san kowa ba, kama ɗaki ta intanet na kwana 2 kawai a unguwanni irin su Kokomlemle, Adabraka ko Asylum Down, inda kuɗin yake da sauƙi kuma ba nisa da Nima. Ka ga ɗakin da idonka kafin ka ƙara kwanaki. Abu 3 nake dubawa: ruwa yana zuwa a famfo, akwai fanka ko na'urar sanyaya ɗaki mai aiki, tagogi suna da ragar sauro. Wanda zai je da iyali ya tambaya ko akwai mashaya a harabar wurin, domin wasu masaukan da dare sukan koma gidan rawa.

3. Hanya: sama ko ƙasa

Jirgi daga Legas zuwa Akra kusan awa 1 ne, akwai kuma masu tashi daga Abuja. In aljihu ya yarda kuma tafiyar farko ce da mata ko yara ko dattijo, hau jirgi. A filin jirgin, wanda aka fi sani da Kotoka, katin allura za a fara tambaya kafin fasfo.

Hanyar mota ita ce ta masu son ganin ƙasa, kuma ita na fi bi. Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, amma yini guda yake ci saboda kan iyaka 3: Seme tsakanin Nijeriya da Binin, Hilakonji tsakanin Binin da Togo, sai Aflawo tsakanin Togo da Gana. Wanda ya taso daga Arewa ya kwana a Legas ya huta, kada ya haɗa gajiyar hanyar Kano da ta kan iyaka a rana ɗaya.

Hanyoyi 2 ne. Ta farko, babbar motar kamfani da ke tashi da asuba daga Legas kai tsaye zuwa Akra. Ma'aikatan motar sun san jami'ai, su ke tattara fasfo su kai a buga hatimi. Wannan ita ce shawarata ga sabon shiga. Ta biyu, yanka-yanka: mota daga tashar Mile 2 a Legas zuwa Seme, wata zuwa Kwatano, wata zuwa Lome, ka tsallaka Aflawo da ƙafa, ka hau ta Akra. Ta fi araha a kan takarda, amma tana bukatar ɗan Faransanci da sanin hanya.

A kowace iyaka hatimi 2 ne, na fita da na shiga, jimla 6. Duba fasfonka kowane lokaci kafin ka bar wurin. Na taɓa tafiya da wani saurayi da wani ɗan kamasho ya ce zai zagaya da shi ta bayan gari a kan babur don ya huce biyan komai. Ya yarda. Ya shiga Gana ba hatimi, kuma ranar dawowa sai da ya biya ninkin abin da ya guda, ban da yinin da ya yi a zaune a ofis. Duk wanda ba ya sanye da kayan sarki kuma ba ma'aikacin motarka ba ne, kada ka miƙa masa fasfo. Sabon fasfo da ba a taɓa buga masa hatimi ba yakan jawo ƙarin tambayoyi. Amsa da ladabi, faɗi adireshin mai masaukinka, kada ka ɗaga murya. In an rubuta adadin kwanaki a kan hatimin shiga Gana, wannan adadin shi ne naka.

Kada ka karɓi saƙon wani a tasha ka tsallaka da shi, ko da ya rantse maka garin kunu ne. Wanda aka samu kaya a hannunsa shi ne mai kaya.

Da ka shiga Togo, mayar da agogonka baya da awa 1. Togo da Gana lokacinsu ɗaya. Daga Aflawo kuma saura tafiyar awa 3 zuwa 4, za ku haye kogin Bolta a gadar Sogakofe, inda mata ke tallan burodi da soyayyen kifi, ku bi ta Tema ku shiga gari.

4. Ranar farko: kuɗi, layi da alƙibla

Kuɗin Gana sidi ne, kowane sidi fesuwa 100. A kan iyaka canja kaɗan kawai, na mota da abinci. Sauran ka kai wurin canji mai rajista a cikin gari, ko mai masaukinka ya raka ka wurin ɗan canjin da ya sani a Nima ko unguwar Tudu. Ƙirga kuɗinka a gabansa, kuma in ka ƙirga kada ka bari ya sake karɓa ya ce zai duba. Katin banki na naira ba abin dogaro ba ne a waje, kada ka jingina tafiyarka a kansa.

Layin waya ka saya a ofishin kamfani da fasfonka, ba a bakin titi ba. Ka ce a buɗe maka asusun kuɗi na waya, wanda suke kira MoMo, domin da shi ake biyan kusan komai, daga mai tasi har mai kanti. Duk wanda ya kira ka ya ce ya turo maka kuɗi bisa kuskure, ko ya nemi lambar sirrinka, ɗan damfara ne. Kashe wayar.

Alƙibla tana da sauƙin ganewa: teku yana kudu da garin. In ka fuskanci teku, gabas tana hagunka, alƙibla kuwa gabas ce mai karkata arewa. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, kuma duhu yana saurin rufewa, don haka kada ka yi sakaci da magariba. Wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 ko fiye, a mazhabar Malikiyya, cika salla zai yi.

Da yamma ka bi mai masaukinka a gaisa da mutane. Hausar Gana ta bambanta da tamu: yawancinsu ba sa rarrabe namiji da mace a magana, za ka ji an ce wa mace "ya zo", kuma akwai kalmomin yaren Tuwi da na Turanci a ciki. Kada ka yi dariya, kada ka gyara wa kowa. Da yawa daga masu jin Hausar ma ba Hausawa ba ne, akwai Dagomba, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi da Fulani, Hausa ce ta haɗa su. Abu na biyu, kada ka yi wasa da sunan jakar nan da ake kira Gana-mas-go. Sunan ya samo asali daga korar baƙi da Nijeriya ta yi a 1983, bayan Gana ta yi irin tata a 1969, kuma akwai gidajen da abin ya taɓa ta kowane ɓangare. A wajen Zango kuma, kalma ɗaya ta Tuwi za ta yi maka amfani kullum: medaase, wato na gode.

5. Koyi shiga mota

Motar talakawa ita ce trotro, ƙaramar bas mai yaron mota a baki yana kiran unguwanni. Manyan tashoshinta su ne Circle, Tudu, Kaneshi, Madina da wadda ake kira 37. Kuɗinta tsayayye ne, ba a ciniki. Riƙe ƙananan kuɗi, miƙa da hannun dama, faɗa wa yaron motar inda za ka sauka tun farko. Kwana 2 na farko ka fi samun sauƙi da motocin haya da ake kira ta waya, wato Bolt ko Uber ko Yango, domin waya za ta nuna maka kuɗin. Tasi ta titi kuwa ba ta da mita, sai ku daidaita kafin ka shiga.

Cunkoso yana tsanani daga ƙarfe 6 da rabi zuwa 9 na safe, da kuma daga 4 zuwa 8 na dare. Shirya fitarka tsakanin waɗannan. A cikin cunkoso kada ka riƙe waya kusa da taga a buɗe.

6. Abinci

Nan Bahaushe zai ji kamar yana gida. Karin kumallon da ya fi farin jini a garin sunansa Hausa koko, da ƙosai ake sha. Waakye, wanda kowa a Gana yake ci, sunansa daga wake ya fito: shinkafa da wake ne da aka dafa da karan dafi, shi ke ba shi launin ja, a zuba taliya, gari, dafaffen ƙwai, ganda da shito, wani baƙin yaji da aka soya da busasshen kifi da jatan lande. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, akwai fura, akwai zoɓo da suke kira sobolo, akwai tsire da suke kira cicinga.

Amma ka fita daga abin da ka sani. Ci kenke, dafaffen ƙullun masara mai tsami a naɗe cikin ɓawon masara, da soyayyen kifi da ɗanyen barkono. Ci banku da gasasshen karfasa. Da dare nemi kelewele, soyayyar ayaba mai citta da yaji. Ruwan kwakwa sabon sara shi ne abin da ya fi kashe ƙishin garin.

Hattara biyu. A wajen unguwannin Musulmi ana sayar da naman alade, gasasshe da na cikin miya, kuma ana cin naman daji, don haka in ba ka san wurin ba, tsaya a kan kifi, ka kuma tambayi abin da aka sa a miyar. Na biyu, cikinka bai saba ba: kwanakin farko ka ci abin da aka sauke da zafinsa, ka sha ruwan gora ko na leda mai hatimi, ka bar ɗanyen ganye sai ka zauna. In zazzaɓi ya kama ka, ko a can ko bayan ka dawo, je a gwada jini a ranar.

7. Teku

Wannan shi ne matakin da na fi damuwa da shi, domin a nan ake rasa rai. Tekun Gana ba kogi ba ne. Raƙuman ruwa suna zuwa da ƙarfi, kuma ruwan da suka turo gaɓa yana komawa ciki ta wasu ƙananan hanyoyi da sauri kamar magudana. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne, daidai wurin da wannan igiya take ja, nan ne saman ruwan ya fi kama da kwantacce. Wanda ya iya iyo a kududdufi ko a gulbi bai iya wannan ba.

In ba ka iya iyo ba, iyakarka gwiwa. Kada ka juya wa teku baya kana ɗaukar hoto, domin raƙumin ruwa ɗaya ya isa ya kayar da kai, yashi kuma yana zamewa a ƙarƙashin ƙafa. Kada ka shiga da doguwar riga ko zane, in sun jiƙe nauyi suke yi suna harɗe ƙafa. Yaro a riƙe hannunsa, kallo kawai bai isa ba. Kada ka shiga da dare ko kai kaɗai. In kuwa ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, nan ƙarfi ke ƙarewa. Kwanta a bayanka, ɗaga hannu a gan ka, ka yi iyo ta gefe, wato ka bi tsawon gaɓar, har ka fita daga igiyar.

Labadi ita ce gaɓar da aka fi zuwa, ana biyan kuɗin shiga, akwai dawakin haya da masu abinci. Asabar da Lahadi da yamma kiɗa ne da giya da cunkoso. Mai iyali ya je ranar aiki da safe, lokacin ba kowa sai masu motsa jiki. In kana son wuri mai natsuwa, fita yamma da gari zuwa Bojo ko Kokrobite. Wasu gaɓoɓin cikin gari suna da ƙazantar leda da ruwan kwata, a nan kallo kawai za ka yi.

Ruwan teku mai tsarki ne, alwala ta halatta da shi, kamar yadda hadisi ya tabbatar. Sai dai gishirinsa yana sa ƙaiƙayi, don haka ka ɗauraye jiki da ruwan daɗi bayan ka fito, wayarka kuma ta zauna cikin leda.

In kana son ganin masunta suna jawo taru da kwale-kwalensu masu zane, je da sassafe, amma ban da Talata. Masuntan Ga da na Fante ba sa shiga teku ran Talata, al'ada ce tsohuwa da har yanzu ake girmamawa. Nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum.

8. Zaga gari

Yini ɗaya ya isa tsakiyar gari. Fara da Jamestown, tsohuwar unguwar Ga, inda hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari take, kusa da tsoffin gine-ginen Ingilishi da Holandawa. Daga nan ka wuce makwancin Kwame Nkrumah, a filin da ya shelanta 'yancin Gana a ranar 6 ga Maris 1957. An gyara wurin an sake buɗe shi a 2023. Dandalin Baƙin Tauraro yana kusa, ƙafa ma ta kai ka. Fadar shugaban ƙasa da barikin soja ba a ɗaukar hotonsu.

Juma'a ka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, dab da Nima. Turkawa suka taimaka aka gina shi da fasalin masallatan Santambul, aka buɗe a 2021. Je da wuri, ka tsaya bayan salla ka ga yadda Musulmin ƙasar suke haɗuwa. Ka kuma leƙa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20. In ka shiga lungunanta ka ji gaisuwa, sai ka rantse a wani gari na Arewa kake.

9. Ware yini ɗaya don Elmina da Cape Coast

Ni a ganina wanda ya je Akra bai je nan ba, tafiyarsa da saura. Mota daga tashar Kaneshi ake hawa, tafiyar awa 3 ko fiye zuwa yamma, don haka ka fita tun da asuba. Turawan Fotugal suka gina katafaren gidan tsaro na garin Elmina a 1482, Holandawa suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872. A ƙarƙashinsa, da ƙarƙashin na Cape Coast, akwai ɗakunan duhu da ake tara bayi kafin a fitar da su ta wata ƙaramar ƙofa zuwa jirgin ruwa. Bi mai jagora, kada ka zaga kai kaɗai. Da yawa daga mutanen da suka bi ta wannan ƙofa daga can cikin ƙasa aka kamo su, ta kasuwanni irin na Salaga, wadda fatakenmu suke zuwa sayen goro. Na shiga ɗakunan nan fiye da sau ɗaya, kuma kowane zuwa sai na fito da nauyi a ƙirji. Za ka ga jikokin bayin daga Amurka da tsibiran Karibiyan suna kuka. Rage murya, ajiye waya.

In da sauran rana, dajin Kakum yana arewa da Cape Coast kaɗan, inda ake tafiya a kan gadojin igiya a saman bishiyoyi. Mai jiri ko hawan jini ya tsaya a ƙasa.

10. Kasuwa da shirin dawowa

Makola ita ce babbar kasuwa, a nan ake samun atamfar Gana, saƙin kente, man kaɗe, baƙin sabulu da cakulan ƙasar. Kantamanto kuwa ta gwanjo ce. Yawancin masu shagunan mata ne, kuma suna son a gaishe su kafin a taɓa kaya. Yi ciniki da fara'a, jakarka a gaba.

Kada ka ɗauko kaya daga gida ka baza a kasuwa. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwanni ga 'yan ƙasa, kuma an sha rufe shagunan baƙi a kan haka. Wanda ya tare ka da labarin zinariya mai araha, ko ya nuna maka garinta a kwalba, wuce abinka.

Tikitin dawowa ka yanka kwana 2 kafin ranar. Riƙe rasit na duk abin da ka saya da yawa saboda kwastam, kuma atamfa in ta wuce ta tsaraba, ka san za a nemi haraji. Cire kuɗin da ya rage a MoMo, canja sauran sidinka a Akra ko Aflawo, domin a Arewa da wuya ka samu mai karɓa da daraja. Ajiye sefa kaɗan da naira a aljihun gaba don hanya. Kayan da ka shiga ruwa da su ka wanke su bushe sarai kafin ka naɗe, in ba haka ba kafin ka isa Legas sun yi fumfuna. Ka je ka yi sallama da mai masaukinka da maƙwabtansa tun daren jajibiri, domin motar asuba ba ta jira, kuma da kun tsallaka Hilakonji ka tura agogonka gaba da awa 1.